Bargon Ƙyallaye a Kafaɗar Tsohuwar Soja: Karramawar Jama'a da Bashin Hukuma a Amurka



Abin da wannan takarda ta ɗauka ƙarami ne a ido. Bargo ne da ake haɗawa da ƙyallayen yadin auduga, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a yi masa shafi, a bi shi da ɗinki, sannan a yafa wa tsohon soja a gaban jama'a a ƙasar Amurka. Ra'ayin da zan kare shi ne, idan wanda aka yafa wa bargon mace ce, abin ya wuce kyautar tausayi, ya zama shaidar da maƙwabta ke bayarwa a kan wani lamari da hukuma ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta amsa shi, kuma har yau mutanen gari ba su gama gaskata shi ba: cewa wannan matar ta yi aikin soja, kuma aikin nata ne, ba na mijinta ko na mahaifinta ba. Zan kuma nuna cewa wannan shaida tana da iyaka, kuma masu sukarta suna da gaskiya a wasu wurare.

Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan aiki ita ce Quilts of Valor, wadda Catherine Roberts ta kafa a 2003 a garin Seaford na jihar Delaware, lokacin da ɗanta yake fagen daga a Iraƙi. Ita da kanta ta ce mafarki ta yi, ta ga wani saurayi zaune a bakin gado cikin dare, ya sunkuyar da kai, baƙin ciki ya rufe shi, sai kuma ta sake ganinsa lulluɓe da bargo fuskarsa ta saki. A watan Nuwamba na wannan shekara aka miƙa bargo na farko a asibitin soja na Walter Reed, ga wani matashi ɗan jihar Minnesota da ya rasa ƙafa a Iraƙi. Da farko waɗanda suka ji rauni a Iraƙi da Afganistan kaɗai ake ba wa, daga baya aka buɗe ƙofa ga duk sojan da yaƙi ya taɓa, har da tsofaffin Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya da na Biyetnam. Zuwa 2022 adadin bargunan da aka miƙa ya haura 300,000. A lura da siffar wanda ya zo wa Roberts a mafarki: namiji ne. Wannan ba laifinta ba ne, ɗanta take tunani. Amma hoton da ke zuwa zuciyar kusan kowane Ba'amurke ke nan idan aka ce soja, kuma daga nan matsalar da nake magana a kanta ta samo tushe.

Ƙa'idojin ƙungiyar su ne suka sa abin ya cancanci nazari, domin su suka raba shi da bargon sadaka. Girman da aka fi so shi ne inci 60 a faɗi da 80 a tsawo, wato abin da zai rufe baligi daga kafaɗa zuwa ƙafa. Yadin dole ya zama auduga mai kyau, kuma ba a yarda a ɗaɗɗaure shimfiɗun uku da ƙulli don a huta ba, sai an bi su da ɗinki, da hannu ko da keke. Galibi mutum ɗaya ke yanka ƙyallayen ya haɗa fuskar bargon, wani kuma mai babban keken ɗinki ya haɗe fuska da auduga da shafi, wani ya kalmashe baki. A bayan kowane bargo akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta sunan wanda aka ba wa, da sunayen waɗanda suka ɗinka, da rana da wurin da aka miƙa. Sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa, kuma sai mai rai. Ba a tura shi kamar kayan agaji, ana so a kira sunan mutum, a faɗi inda ya yi aiki, a yafa masa, a gode masa. Wanda ya ce ai wannan ba aikin hannu ba ne tunda keke ya shiga ciki, sai a tambaye shi ko telan da ya auna mutum ya yanka masa yadi ya zama masaƙa don ya taka keke. Abin da ake nufi da aikin hannu a nan shi ne, wani mutum mai suna ya ɓata makonni a kan abin da ba za a biya shi ba, ya kuma sa sunansa a jiki.

Don a gane nauyin yafa wa mace wannan bargo, sai an duba inda yadi ya saba fuskanta a lokacin yaƙi. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, matan Arewa sun ɗinka barguna masu ɗimbin yawa suka miƙa ta hannun hukumar agaji da ake kira Sanitary Commission, kuma masana tarihin ɗinki suna ƙiyasta su da kimanin 250,000. An yi su dogaye marasa faɗi, daidai gadon asibitin soja, kuma kaɗan ne suka rage a yau, domin da yawa sun lalace a fagen daga, wasu kuma da su aka naɗe gawa aka binne. A Yaƙin Duniya na Farko mata sun riƙa karɓar kuɗi daga mutanen gari su ɗinke sunayensu a jikin bargo, kuɗin ya tafi asusun Red Cross. A na Biyu matan Kanada sun aika da dubban ɗaruruwan barguna zuwa Ingila ga waɗanda bama-bamai suka raba da gidajensu. Ko a kurkukun Changi da ke Singafo, a 1942, matan da Japanawa suka tsare sun haɗa barguna don sojojin da ke jinya, kowace ta ɗinka sunanta a ƙyallenta, kuma ta haka mazan da ke wani sashe suka san matansu na raye. Duk wannan tarihi hanya ɗaya yake bi: mace ke riƙe da allura, namiji ke ƙarƙashin bargo. Ita mai jira ce, mai addu'a, mai aikawa. Al'adar ba ta tanadi gurbi ga matar da ita ce ta tafi ba.

Alhali kuwa sun tafi. A 1918 rundunar Amurka ta kai mata 223 Faransa don su riƙa haɗa layin tarho tsakanin kwamandoji da bakin daga, saboda sun iya Turanci da Faransanci kuma sun fi maza sauri a aikin. Sun sa kaki, sun bi dokar soja, shugabarsu Grace Banker har lambar yabo ta samu. Da aka gama yaƙi sai aka ce musu su farar hula ne da aka ɗauka kwangila, ba su da takardar sallama irin ta soja, ba su da haƙƙin tsohon soja. Ɗaya daga cikinsu, Merle Egan Anderson, ta shafe kusan shekara sittin tana rubuta wa majalisa wasiƙu, sai a 1977 Shugaba Carter ya sa hannu a dokar da ta amince da su, lokacin da Banker ta yi shekara 17 a kabari. Dokar nan ce kuma ta amince da matan da suka tuƙa jiragen soja a Yaƙin Duniya na Biyu, su fiye da dubu ɗaya, waɗanda suka riƙa kai sababbin jirage daga masana'anta zuwa sansani, suna jan allon da maza ke koyon harbi a kai da harsashi mai rai. Mata 38 daga cikinsu sun mutu a bakin aiki. Tunda a takarda farar hula ne, rundunar ba ta ɗauki nauyin kai gawarsu gida ba, sai abokan aikinsu suka riƙa yin karo-karo, kuma ba su da haƙƙin a lulluɓe akwatin gawarsu da tuta. Wannan batu na tuta shi ne ya fi tsaya mini. Hukuma ma da yadi take karrama sojanta, kaki yana raye, tuta idan ya mutu. Matan nan an hana su yadin ƙarshe. Wanda ya san wannan ba zai ƙara kallon bargon da ake yafa wa jikokinsu a aiki a matsayin kayan ado ba.

Labarin bataliya ta 6888 ya ƙara wani darasi. Mata 855 ne, kusan dukkansu baƙar fata, ƙarƙashin Manjo Charity Adams, aka tura su Birmingham ta Ingila a farkon 1945 don su warware tarin wasiƙun sojoji da ya kai miliyoyi, ya cika rumbuna masu sanyi da ɓeraye. An ba su wata shida, suka gama a wata uku, suna aiki dare da rana kashi uku. Uku daga cikinsu sun mutu a hatsarin mota a Faransa, aka binne su a maƙabartar sojojin Amurka ta Normandi, nan ma abokan aiki ne suka tara kuɗin jana'iza. Sun dawo gida babu fareti. Sai a 2022 aka sa hannu a dokar ba su lambar zinare ta majalisa, lokacin waɗanda ke raye ba su kai goma ba. A 2023 aka sauya wa barikin Fort Lee da ke Virginia suna zuwa Gregg-Adams, domin girmama Charity Adams tare da Janar Arthur Gregg, a 2025 kuma wata gwamnati ta mayar da tsohon sunan. Ke nan karramawar hukuma tana zuwa a makare, kuma tana iya komawa inda ta fito idan iskar siyasa ta juya. A gefe guda kuma akwai mantuwa irin ta ofis, wadda ba ta da hayaniya. Sai a ƙidayar jama'a ta 1980 aka fara tambayar mata ko sun taɓa aikin soja, aka kuwa samu fiye da miliyan ɗaya. Taken Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wanda aka ɗauko daga jawabin Lincoln na 1865, yana magana ne a kan namijin da ya ɗauki nauyin yaƙi da matar da ya bari da marayansa, kuma haka ya zauna a bangon asibitocinta har 2023.

Mai sauraro zai iya cewa duk wannan ya wuce, doka ta gyaru. Gaskiya ne ta gyaru matuƙa. Tun 1948 mata suka samu gurbi na dindindin a rundunonin ƙasar, a 1967 aka ɗage ƙa'idar da ta taƙaita su ga kashi 2 cikin ɗari, a 2013 aka soke haramcin shigarsu rundunonin gaba-da-gaba, a ƙarshen 2015 aka sanar da buɗe musu kowane aiki. Yau tsofaffin sojoji mata sun kai kimanin miliyan biyu, wajen ɗaya cikin goma na dukkan tsofaffin sojojin ƙasar. Amma a nan bambancin da masanin falsafar Jamus Axel Honneth ya yi a littafinsa na 1992 a kan gwagwarmayar neman a san da mutum yake da amfani. Ya raba amincewar da doka ke yi wa mutum a matsayin mai haƙƙi, da martabar da al'umma ke ba shi saboda abin da ya tsinana mata. Ta farko majalisa na iya bayar da ita da ƙuri'a a rana ɗaya. Ta biyu ba ta da ofis, tana zaune ne a idon maƙwabci da bakin ma'aikacin asibiti. Ƙorafin da tsofaffin sojoji mata suka fi maimaitawa ke nan: mace ta je asibitin tsofaffin sojoji a tambaye ta ina mijin da ta rako, ta ajiye mota a wurin da aka keɓe wa tsofaffin sojoji wani ya tare ta da faɗa. Abin ya fi ciwo ga 'yan zamanin Iraƙi da Afganistan. Tunda al'ummomin can ba su yarda namiji baƙo ya caje mace ba, sai aka riƙa haɗa mata sojoji da rundunonin da ke shiga gidaje da tsayawa a shingen bincike, a daidai lokacin da doka ke cewa mata ba sa yaƙin gaba-da-gaba. Laftanar Ashley White a irin wannan aiki bam ya kashe ta a Kandahar a 2011. Waɗanda suka dawo da rai sun dawo da abin da suka gani, takardunsu kuma ba su faɗe shi ba.

A wannan giɓi ne bargon yake aiki, kuma aikinsa yana cikin tsarin miƙa shi fiye da cikin auduga. Kafin a fara yanka yadi, sai wani ya gabatar da sunan matar, wato wani ya san tarihinta ya ga ya isa a faɗa. A ranar miƙawa, a ɗakin taro na coci ko na ƙungiyar tsofaffin sojoji ko gidan kula da tsofaffi, ana karanta rundunarta da shekarunta da muƙaminta a gaban mutanen da suka san ta a matsayin malamar makaranta ko kakar wane. Daga wannan rana ba ita ce za ta riƙa kare da'awarta ba, gari ya ji. Mu da muka san alkyabba ba ma buƙatar dogon bayani a kan abin da ake nufi idan aka yafa wa mutum tufa a bainar jama'a, sai dai alkyabba daga sama take saukowa, daga hannun mai iko, shi kuwa wannan bargo daga gefe yake zuwa, daga hannun mutanen da ba su da abin bayarwa sai lokacinsu. Shi ya sa ba gwamnatin da za ta zo ta karɓe shi. Ba ma a cikin fararen fata kaɗai al'adar take ba. Ƙabilun Lakota da maƙwabtansu a filayen arewacin Amurka, bayan an ƙarar da ɓaunar da suke jeme fatarta don karrama jarumai, sun koyi haɗa bargo daga matan mishan a ƙarshen ƙarni na 19, suka mayar da shi nasu da zanen tauraron asuba mai tsini takwas, kuma har yau da shi suke tarbar wanda ya dawo daga yaƙi, namiji ko mace. A can ba wanda yake ɗaukar bargon a matsayin abin da bai kai lambar yabo ba.

Suka ta farko da ya kamata a fuskanta daga masu nazarin jinsi take fitowa. Suna iya cewa, matar da ta tuƙa jirgi mai saukar ungulu ko ta jagoranci ayarin motocin yaƙi, a rasa abin ba ta sai kayan ɗaki? Wannan ba mayar da ita inda ta fito ba ne, a rufe kakinta da abin da ke tuna wa kowa cewa ita dai mace ce? Sukar tana da tushe, domin kamar yadda Rozsika Parker ta nuna a 1984, an daɗe ana amfani da allura wajen koya wa 'yan mata zaman ɗaka da sunkuyar da kai. Amma da za ta ci ne da a ce an ware wa mata bargo an ba maza wani abu dabam. Ba haka abin yake ba. Bargon da aka yafa wa sojan ruwan da ya yi yaƙi a Iwo Jima shi ne ake yafa mata, girma ɗaya, kalmomi ɗaya, ƙyallen suna ɗaya. Abin da ya canza shi ne wurin da take tsaye: ta bar layin masu ɗinki ta shiga layin waɗanda ake yi wa ɗinki. Sukar kuma tana ɗauke da wani raini da ba ta lura da shi ba, domin tana ɗaukar cewa abin da hannun mata ya yi bai kai abin da aka zuba da ƙarfe a masana'antar gwamnati ba. Tun da aka baje bargunan matan ƙauyen Gee's Bend na Alabama a manyan gidajen adana zane na Houston da New York a 2002, wannan raini ya rasa madafa ko a cikin masana fasaha. Inda nake ganin sukar ta yi daidai shi ne wajen zaɓin yadi da kalamai. Idan masu ɗinki suka ji sunan mace suka ɗauko ruwan hoda da furanni ba tare da sun tambaya ba, ko mai jawabi ya shiga yabon haƙurinta na uwa ya manta da muƙaminta, to sun warware da baki abin da suka ɗinka da hannu.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na jin za a iya kawar da ita gaba ɗaya. Nancy Fraser, a muhawararta da Honneth, ta yi gargaɗi cewa al'umma na iya shagala da girmamawa ta manta da rabon arziki da adalci. Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji da kanta ta ce kimanin mace ɗaya cikin uku da take tambaya a asibitocinta tana cewa an ci zarafinta ta hanyar lalata ko tsangwama a lokacin da take aikin soja. Ga irin wannan matar, raunin ba daga abokan gaba ya zo ba, daga cikin bariki ya zo. Asibitocin da aka gina don maza sun daɗe ba su da isassun likitocin mata, har sai da majalisa ta yi doka ta musamman a kan haka, wadda aka sa wa hannu a farkon 2021 da sunan Deborah Sampson, matar da ta yi shigar maza ta yi yaƙin neman 'yanci a 1782 kuma ta yi shekaru tana bin fansho. To me bargo zai yi wa wadda ke jiran a saurari ƙararta? Ba a tsoron ya zama hanyar da jama'a ke wanke zuciyarsu da araha? Amsata ita ce a bambanta biya da tukwici. Marcel Mauss ya nuna tun 1925 cewa kyauta tana ƙulla alaƙa, biya kuwa yana yanke ta: wanda aka biya an gama da shi, wanda aka yi wa tukwici an amsa cewa ya yi abin da ba za a iya biya ba. Bargon tukwici ne, kuma daga hannun da ba shi ake bi bashi ba. Bashin fansho da magani da shari'a yana wuyan hukuma, matan da ke zaune gaban keke a wani ƙauye na jihar Iowa ba su ci shi ba, ba kuma za su iya biyansa ba. Haɗarin yana tasowa ne idan ɗan siyasar da ya ƙi jefa ƙuri'a a kan kuɗin asibiti ya zo ya riƙe gefen bargon a ɗauke shi hoto. A nan laifin ba na allura ba ne, amma masu shirya taron suna da alhakin sanin wa suke gayyata. Akwai kuma wani amfani na zahiri da masu sukar ba su cika lissafawa ba: matan da ba su ɗauki kansu a matsayin tsofaffin sojoji ba, saboda ba su riƙe bindiga ba ko saboda an daɗe ana ce musu ba su ba ne, ba sa zuwa neman haƙƙinsu. Wadda aka kira sunanta da muƙaminta a gaban jama'a ta fi kusa da ɗaukar takardunta ta nufi ofis.

Game da iƙirarin da ƙungiyar ke yi cewa bargon yana warkarwa, a nan ya kamata manazarci ya ja linzami. Auduga ba ta maganin firgicin yaƙi, kuma duk wanda ya ce tana yi yana cutar da mai buƙatar likita. Iyakar abin da za a iya karewa shi ne abin da likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay ya kafa a 1994 daga aikinsa da tsofaffin sojojin Biyetnam, cewa mai irin wannan rauni yana samun sauƙi idan ya sami jama'ar da za ta ji labarinsa ta ɗauke shi da gaske. Taron miƙa bargo ƙofa ce ga irin wannan sauraro, ba shi ne sauraron ba.

Saura sukar da nake zaton ta fi damun da yawa daga cikinmu. Yaƙin da ya haifi wannan ƙungiya shi ne na Iraƙi, wanda aka shiga bisa hujjar makaman da ba a samu ba, ya kuma ci rayukan fararen hula da ba su ƙirguwa. Matan Falluja da na Kandahar ba wanda ya ɗinka musu komai. Kuma zaman soja mace bai wanke ta ba: a hotunan azabtarwa na kurkukun Abu Ghraib da suka fito a 2004, fuskar da duniya ta fi ganewa ta mace ce. Shin lulluɓe soja da ja da fari da shuɗi ba lulluɓe yaƙin ba ne? Ƙungiyar tana cewa ita da mutane take, ba da siyasa ba, amma launin tuta siyasa ne ko an so ko an ƙi, kuma ban ga amfanin musun haka ba. Abin da zan ce shi ne, tambayar ko yaƙi halal ne da tambayar ko wannan matar ta kasance a cikinsa tambayoyi biyu ne, kuma share ta biyu ba ya amsa ta farko. Hasali ma yana ɓata ta, domin al'ummar da ba ta san su wa ta aika ba, ba za ta iya lissafin abin da yaƙin ya ci ba. Ma'aikatan jinyar Biyetnam misali ne. Mata wajen 11,000 suka yi aikin soja a can, mafi yawansu a asibiti, takwas sun mutu, kuma Diane Carlson Evans ta yi shekara goma tana fafutuka kafin a kafa musu mutum-mutumi a Washinton a 1993. Abin da aka sassaƙa ba fareti ba ne, mata uku ne da wani soja kwance a hannun ɗayarsu, rai a hannun Allah. Shigowar mata cikin tarihin wannan yaƙi ta ƙara fito da muninsa ne, ba ta ƙawata shi ba. Ita kanta sana'ar ba mallakin masu tuta ba ce: mabiya ɗarikar Mennonite, waɗanda addininsu ya hana su ɗaukar makami, sun shafe shekaru da dama suna ɗinka irin waɗannan barguna suna aikawa ga 'yan gudun hijira, har a ƙasashen da sojojin ƙasarsu suka yi yaƙi.

Raunin wannan al'ada na gaskiya, a ganina, yana bakin ƙofarta ne. Ba a ɗinka wa kowa bargo sai an gabatar da sunansa, ba a gabatar da sunan mutum sai an san ya yi aikin soja, kuma ainihin matsalar tsohuwar soja ita ce ba a sani ba. Namijin da ke yawo da hular rundunarsa, yake zama a majalisar tsofaffin sojoji ta garinsu, sunansa zai isa ga masu ɗinki ba wahala. Matar da ta ninke kakinta ta sa a ƙasan akwati a 1970, ta yi aure ta sauya sunan mahaifi da na miji, 'ya'yanta ma wani lokaci sai bayan ta rasu suke ganin takardar sallamarta, kuma ƙa'ida ta ce ba a ba mamaci. Tsarin da ya dogara ga abin da jama'a suka riga suka sani yana iya maimaita mantuwar da ya zo gyarawa. Saboda haka ma'aunin da nake ba manazarta shawarar su yi amfani da shi ba yawan bargunan da aka miƙa ba ne. A ɗauki rajistar reshe ɗaya na ƙungiyar a gunduma ɗaya, a ƙirga sunayen mata a ciki, a gwada da kason mata a cikin tsofaffin sojojin wannan gunduma, sannan a duba wa ya gabatar da kowace: ɗiya ce, ko abokiyar aiki, ko ma'aikaciyar gidan tsofaffi da ta ga wani tsohon hoto a kan durowa ta yi tambaya.